Karyar da Ta San Ni

Matar ta fara zuwa shagona ne wata Talata, ana tsakiyar damina. Ba ɗinki ta kawo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kakkaɓe lema, ta leƙa ƙarƙashin teburin yanka, ta ce ƙyallayen da nake zubarwa take so.

Ibo ce, za ta haura shekara sittin, gajera, da tabarau mai igiya a wuya. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Na ce mata Madam, ta ce mini Oga tela, a haka muka zauna har ƙarshe.

Lokacin ban fi shekara biyu da dawo da keken ɗinkina bakin unguwar Congo-Russia a Jos ba. Kafin nan a Tudun Wada nake ɗinki, shekara goma sha ɗaya, har rikicin da aka yi a garin ya tashe ni. Wanda ya zauna Jos a shekarun nan ya san yadda muka koma. Mutum ya tambaye ka hanya, sai ka tsaya tunanin me zai je yi can. Baƙuwar fuska ta wuce layi sau biyu, kafin la'asar an yi maganarta a kowane shago.

Na cika mata leda biyu ta tafi. Talata ta zagayo ta dawo, wannan karon da buhu. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya bari ta sha kwana, sannan ya leƙo.

"Malam, wannan matar daga ina take?"

"Ta ce Tudun Wada."

"Duk telolin Tudun Wada sun ƙare ne, sai ta tsallako nan? Ka san abin da ake yi da tsumma idan an samu kwalba da fetur?"

Na ce masa tsohuwa ce. Ya ce tsohuwa ma tana da ido, tana iya ƙirga shaguna. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta zauna mini. Daga ranar na fara lura da ita. Tana warin kifi da maganin asibiti. Zanenta kullum akwai wani gajeren gashi a jiki, fari da ja. Hannuwanta duk tabon yagewa ne. Idan na tambaye ta me take yi da tsumma sai ta ce, "Aiki ne," ta ɗaure bakin buhu.

A zuwa na biyar ta kawo buhunan fulawa wankakku guda goma. Ta ce in cusa musu ƙyalle, in ɗinke baki, in bi tsakiya da layi biyu don kada tsumman ya taru gefe ɗaya.

"Katifar wa ke nan, Madam?"

"Na yara na."

Ba yaron da zai kwanta a kan buhun fulawa mai kamu biyu. Na ɗinka dai. Da na gama sai na ce mata kayan sun yi mata nauyi, ni zan kai mata gida ran Asabar. Ta dube ni ta saman tabarau kafin ta kwatanta mini wajen. Ba taimako ya sa na faɗi haka ba, so nake in gani da idona, kuma ina jin ta gane.

Ran Asabar da hantsi na ɗaure buhunan a bayan ɗan acaba. Rabona da Tudun Wada tun ranar da na bar ta da takalmi wari ɗaya. Da muka kusa shiga unguwar na cire hulata na cusa a aljihu. Har yau idan na tuna sai in ji kunya, amma na yi.

Gidan yana can sama, inda hanya ta ƙare duwatsu suka fara. Tun kafin in sauka na ji haushi. Ta buɗe wata ƙofar langa-langa a bayan gida, sai ga fili, da alama dā bulo ake bugawa a wurin. Karnuka sun kai ashirin. Wasu a ɗaure, wasu a sake, wasu cikin akurkin katako. Na ja da baya har na taka kwanon ruwa.

"Ba za su ci ka ba," in ji ta. "Tsaya kawai."

Tana rarraba buhunan tana ba ni labari a gajarce, kamar wadda ba ta so. Ta yi aiki a asibitin dabbobi har ta yi ritaya. Bayan rikici, mutane sun gudu sun bar karnukansu, wasu a ɗaure a gidajen da ba kowa. Ita ta riƙa bi tana kwancewa. Daga baya mutane suka ji, suka fara kawo mata na kan titi. Masu son kare suna zuwa su zaɓa, amma 'yan kwikwiyo suke ɗauka, ko masu jinin na Turawa. Waɗanda na gani su ne ragowar, tsofaffi, da masu ƙazuwa, da wani mai ido ɗaya. Tsumma kuwa, ta ce ta gama kwashe na telolin unguwarta, sanyin siminti yana kashe mata tsofaffin.

Ban yarda ba. A garinmu kowa ya san akwai masu cin kare, akwai kuma dillalan da ke bin ƙauyuka da keji a bayan babur. Na ce a raina kiwo take yi, idan sun yi ƙiba ta sallama. Bakina bai riƙe ba.

"Idan sun murmure fa, Madam, su wa ke zuwa saye?"

Ta ajiye buhun da ke hannunta. "Kai ka zo kawo kaya ne, ko ka zo bincike?"

A daidai lokacin wani abu ya motsa a ƙarƙashin wata matacciyar mota da ke ƙarshen filin. Karya ce ja, mai farin ƙirji, ta fito a hankali tana jan ƙafar baya. A gadon bayanta akwai wuri kamar faɗin tafin hannu biyu da ba gashi, fatar ta yi sul, ƙuna ce da ta warke. Ba ta yi haushi ba. Ta ratsa sauran karnukan, ta zo ta shinshina ƙafar wandona, sai ta kwanta ta ɗora haɓarta a kan takalmina.

Ban taɓa barin kare ya taɓa ni ba tunda aka haife ni.

Da na ɗago, Madam ta cire tabarau tana kallona da wani irin ido.

"Shekara biyu wannan kare yana nan," ta ce. "Ba ya zuwa wajen kowa. Ni da nake ba shi abinci, sai na ajiye na tafi. Ina ya san ka?"

Sai da na sake duba farin ƙirjin na gane ta. Karyar wani mai sayar da fenti ce, Ibo, gidansa yana kallon tsohon shagona. Idan ana ruwa takan tsallako ta fake a ƙarƙashin rumfata. Ina korarta da sandar awo. Wani lokacin in jefa mata ragowar masa can nesa don ta bi ta ba ni wuri. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Na gaya wa Madam haka.

"A wannan gida na same shi," ta ce. "A ɗaure. Rufi ya faɗo masa a baya. Ranar da aka sa wuta, kai kana ina?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata ina kwance a ƙarƙashin teburin yanka, daga nan na bi ta kwata na gudu. Na ce, "Ni shagona wa ya ƙona? Ke kina ina?"

Muka tsaya muna kallon juna, karyar tana kan ƙafata. A ƙarshe na zare takalmina a hankali na fita, ban yi sallama ba.

Talatar da ta biyo baya ba ta zo ba. Mai rediyo ya ce ya gaya mini. Ni kuwa ina taka keke ina ganin wurin nan da ba gashi. Mai fentin ba abokina ba ne, gaisuwa ce kawai, sai wani bikinsu da na yi wa 'ya'yansa riguna. Ban san ko ya tsira ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Cikin duk abin da ya rage na layinmu na dā, dabbar nan ce kaɗai ta gan ni ta nuna ta san ni, kuma ita ce wadda na fi wulaƙantawa.

Gidana ba wurin kare ba ne. Da na fara zancen, uwargida ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Me matar nan ta ba ka ka ci?" Amma yayana yana da lambu bayan kasuwar Farin Gada, a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza, ni ma ina da 'yan kunyoyi a ciki. Ya daɗe yana kukan ana yanke masa kabeji, an kuma taɓa ɗauke tiyon ban ruwa. Na tambayi limaminmu, ya ce kare na gadin gona ba laifi, a kula da tufafin salla da kwanuka kawai. Sannan ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata gonar ce dalili.

Yaya ya yarda da ƙyar. "Kyauta za ta ba ka?" ya ce. "Ka bincika dai. Ko mahaukaciya ce take so ta rabu da ita."

Na koma Tudun Wada, wannan karon da hulata a kai. Madam ta saurare ni a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba.

"Ku ba kwa son kare," ta ce. "Me za ka yi da shi? Tsoho ne, gurgu ne. Akwai masu ƙarfi, ba ka tambaya ba. Me ya sa wannan?"

"Ita ta zo wurina."

"Ko kana tsoro ne don ya gane ka?"

Na juya zan tafi. Sai ta ce, "Zan ga wurin tukuna."

Washegari muka shiga bas tare har Farin Gada, muka ƙarasa da ƙafa ta bayan masu lodin tumatir. A lambu ta gaida Yaya, ya amsa yana kallon jakarta. Ta zagaya ko'ina. Ta shiga bukkar da ake ajiye kaya, ta ɗaga galan ɗin maganin feshi ta ce a rataye shi sama. Ta tambayi wa ke kwana a wurin, wa ke da lambun gefe, ko ana zuba maganin ɓera. Har ruwan randa sai da ta shinshina. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Wannan, kare ta zo duba wa wuri, ko injin ban ruwa?"

Sai bayan mako biyu ta aiko in zo. Ta yi wa karyar allurar haukan kare a gabana, ta nuna mini yadda ake cire kaska, ta ce kada a ba ta ƙashin kaza. Ba mai tasi da ya yarda ya ɗauke mu. Wani mai a-kori-kura da ke kai kabeji kasuwa ne ya taimaka, ni da karyar a baya cikin ɓawon ganye, tana rawar jiki, ta cusa kai tsakanin gwiwoyina. A nan na fara ɗora hannu a kanta. Kunnenta da ɗumi, da laushi fiye da yadda na zata.

Ba zan ce ta iya gadi ba. Kwana goman farko ba ta fito daga bukka ba. Abinci sai ni na kawo take ci, don haka kullum bayan la'asar nake rufe shago in tafi da ragowar tuwo da kan kifi. Da ta saba, mutum ɗaya ta zaɓa tana yi wa haushi, shi ne Yaya, mai lambun. Duk da haka satar ta ragu, don labari ya bazu cewa akwai kare, ba wanda ya san gurguwa ce.

Madam kuwa ba ta sake ni ba. Sai dai kawai in ɗago daga cikin karas in gan ta tsaye a kan kunya, ba sanarwa. Ta taɓa haƙarƙarin karyar, ta buɗe mata baki, ta duba kwano. Wani zuwan ta ce ta rame, wani zuwan ta ce ta yi ƙiba da yawa, wa nake yi wa kiwo. Ban taɓa sanin ko wasa take yi ba.

Wajen wata na biyar da kai karyar can, wani mutum ya zo lambun da rana. Matashi ne mai jar riga, ya ajiye babur a bakin hanya. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ƙanin mai fenti ne. Ya ce yayansa yana can gida kudu da rai, ya ji karyarsa tana nan, ya aiko a kai masa.

Na yi murna da jin yana raye, amma hankalina bai kwanta ba. Na dubi babur ɗin. Ba keji, amma akwai igiyar roba da yawa a naɗe a kariya.

"Me sunan yayan naka?"

Ya faɗa daidai. Amma sunan yana rubuce a allon shagonsa shekara da shekaru, kowa zai iya sani.

"'Ya'yansa nawa?"

"Huɗu." Ni uku na sani. Sai dai shekara kusan uku ta wuce, ana iya ƙara haihuwa.

"To kira ta da sunanta."

Ya tsuguna ya kira wani suna sau uku. Karyar tana kwance a inuwar bukka, ta buɗe ido ɗaya ta rufe. Ya ce ai ta manta ne. Abin da ya dame ni, ni kaina ban riƙe sunan da maigidanta ke kiranta da shi ba, "ke" kawai nake ce mata. Ba ni da hanyar da zan ƙaryata shi.

Na ce masa ba ni na tsince ta ba, amana aka ba ni, ya je ya zo da Madam. Ya ce wace Madam. Na ce, "Idan ba ka san ta ba, wa ya gaya maka karyar tana nan?" Ya yi murmushi, ya ce a Farin Gada ya ji. Ya ce zai dawo jibi. Bai dawo ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na zargi Yaya, ko shi ya yi wa dillali magana don ya huta da haushi. Da na tambaye shi ya yi fushi, sai da muka yi mako ba ma gaisawa sosai. Na zargi Madam, ko ita ta turo shi ta gwada ni. Na je na same ta tana dafa musu dusa da kayan ciki a rabin duro, na ba ta labari. Ta ci gaba da juyawa.

"Jar riga," ta ce. "Ba suna, ba shaida. Oga tela, ko kana shirya mini labari ne, don gobe idan kare ya ɓace ka ce an sace?"

Na ce Allah ya sani. Ta ce shi ya sani, ita ba ta sani ba. Har yau ban san ko wane ne mutumin ba. Wani lokacin nakan ce dillali ne, na kuɓutar da ita daga tukunya. Wani lokacin kuma in ga wani mutum can kudu da aka gaya masa karyarsa ta rayu, wani tela Bahaushe ya hana.

Bayan wannan na gina mata ɗan ɗaki da bulo a jikin bukka, na sa ƙofa da kwaɗo. Damina huɗu ta yi a lambun. Ta san ƙarar takalmina tun daga bakin kududdufi, takan taho tana ɗingishi ta tsaya nesa kaɗan, don ta koyi cewa idan ina sanye da farar riga ba a taɓa ni. Uwargida ba ta taɓa zuwa ganinta ba, amma ita ce ta fara ware ƙanzon tuwo a wata tsohuwar roba ba tare da na roƙa ba. Mai rediyo ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni na wani lokaci, daga baya ya manta.

Wata Alhamis da azahar Yaya ya zo shago da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce tun safe karyar ba ta yi masa haushi ba, da ya leƙa ya same ta a kwance ta sandare. Ya ce bai taɓa ta ba, bai bar kowa ya taɓa ba.

Ban wuce lambu ba, Tudun Wada na fara zuwa. Madam ta ɗauki jakarta ta biyo ni. Da muka isa ta tsuguna, ta sa safar hannu, ta buɗe bakin karyar ta duba dasashi da harshe. Ta danna cikin. Ta shinshina kwanon abinci, ta shiga bukka ta duba galan ɗin feshi yana nan a rataye. Ni da Yaya muna tsaye kamar masu jiran hukunci. Ta daɗe kafin ta miƙe, tana dafa gwiwa.

"Tsufa ne," ta ce.

Yaya ya sauke numfashi har na ji. Shi ya ɗauko fartanya ya haƙa ramin da kansa, a gindin wata bishiyar gwaiba da ke iyakar lambun. Muka rufe ta. Na je bakin ruwa na wanke hannu, na daɗe a can fiye da yadda wankin hannu ke bukata.

A hanyar komawa bas, muna ratsa masu ɗaure buhunan albasa, Madam ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Akwai wani. Baƙi, ƙafa uku. Mota ya taka shi. Wata takwas ba wanda ya tambaya."

Na ce sai na yi shawara da Yaya.

"Ka yi," ta ce. "Amma zan sake duba wurin."

Yaya ya ce shi dai a kawo namiji, ko Allah zai sa wannan ya san mai lambu. Ran Asabar na je na ɗauko shi.